Gaisuwar Bayan Asabari

Sana'ata kitso, kuma mai kitso tana shiga inda ko liman ba ya shiga. Sunana Indo. Babu gidan attajiri a Sabon Garin Maraɗi da ban san tsakar gidansa ba. Na san inda ake jera kwanonin da ake son baƙi su gani, na kuma san ƙuryar da ake tura abin da ba a son su gani. A gidan Alhaji Idirisa mai gyaɗa, abin da aka tura ƙurya uwarsa ce.

Zamanin mulkin Shugaba Diori ne, shekarun da gyaɗa ta ɗaga mutane sama. Alhaji yana da sikelin sayen gyaɗa a ƙauyuka, manyan motocinsa na kaya ba sa hutawa tsakanin Maraɗi da Kano, ya yi gidan siminti, ga masallaci yana ginawa a ƙofar gida. Da mahaifinsa ya rasu a Tsibiri, sai aka fara ƙananan maganganu a kasuwa, wai uwar Alhaji guda tana can ƙauye tana daka da hannunta. Maganar ce ta dame shi, ba dakan ba. Ya aika motarsa Fijo, aka sayar da awakinta, aka ɗauko Inna Tsahara har da guɗa. Aka sauke ta a ɗakin da ke can bayan gida, jikin siton gyaɗa. Aka kafa mata gadon ƙarfe mai rumfa wanda ba ta iya hawa, aka rataya sabon asabari a ƙofa. A ƙasa take kwana, kan tabarmar da ta zo da ita.

Alhaji shi ne ɗan farinta. To, kun san uwa da ɗan fari, balle tsohuwar Tsibiri da ta tashi cikin al'ada tsantsa. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ko ƙishirwa za ta kashe ta ba za ta ce ya miƙo mata ruwa ba. In magana ta tilasta, sai ta ce "wancan". Ni ban ga laifin wannan kunya ba, da ita muka tashi. Amma a da, kunyar uwa tare take tafiya da idon ɗa. Tunda ita ba za ta faɗa ba, shi ne zai duba. Alhaji ya riƙe rabin al'adar da ya yi masa daɗi, ya yar da ɗaya rabin.

Kullum in yana gari, da an sallame asuba zai ratso tsakar gida, ya tuɓe takalma, ya tsuguna a gaban asabarin.

"Inna, an tashi lahiya?"

Daga ciki, fuska na kallon bango, ta ce, "Lahiya lau."

"Madalla."

Shi ke nan, ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga asabarin nan ba. Kuma da wannan gaisuwa yake tinƙaho a zaure, yana cewa shi dai duk hidimar da ke kansa bai taɓa fashin gaida mahaifiya ba. Masu cin arzikinsa su ce, "Allah shi ba mu ɗiya irinka, Alhaji."

Wadda ta yi rayuwarta a gona ba ta iya ganin ƙwaya a ƙasa ta wuce. In ƴan dako sun gama lodin buhuna, sai Inna Tsahara ta fito da ƴar ƙwaryarta tana tsince gyaɗar da ta zube a bakin sito. Babu wanda ya sa ta, babu kuma wanda ya kula. A nan ta taka wata ƙusa mai tsatsa da ke jikin karyayyen katako. Ta zare ta da hannunta, ta shafa toka, ta ɗaure da tsumma, ta yi shiru.

Ni wari ne ya sanar da ni. Na gama wa Zuliha, matar Alhaji, kitso, na zagaya in gaida tsohuwa kamar yadda na saba, in ɗan kama mata ƴar furfurar da ta rage. Ina ɗaga asabari ƙudaje suka tashi. Ta yi maza ta ja zane ta rufe ƙafa, amma na riga na gani. Na durƙusa na kwance tsumman da kaina. Tafin ƙafar ya kumbura har yana ƙyalli, bakin raunin ya yi baƙi, wani ruwa na tsattsafowa.

"Inna! Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Alhaji ya sani?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. "Wancan shina da hidima da yawa."

"Ai kullum shina zuwa gaishe ki. Ki hwaɗa mishi ƙahwa ta hana ki barci."

Ta dube ni kamar na ce ta shiga kasuwa ba zane. "Ni? In buɗe bakina in kai mishi kuka? Indo, ke ba ki haihu ba?"

"Na haihu, Inna."

"To kin sani."

Na sani ɗin, shi ya sa abin ya ƙara ƙona mini rai.

Na koma wurin Zuliha, na same ta gaban madubi tana juya kai tana duban kitso. Tsakani da Allah Zuliha ba muguwa ba ce. Irin mutanen nan ce da in abu bai faɗo kan cinyarsu ba, ba nasu ba ne.

"Na ji warin," ta ce. "Na ma ce wa Alhaji kamar Inna ba ta jin daɗi. Ya ce yanzun nan ya gaishe ta, ta ce lahiya lau."

"Ke kin duba ƙahwar?"

"Haba Indo! Uwar mijina? Da wane ido zan buɗe mata zane? Abinci dai ban taɓa hwashi ba, tambayi kowa cikin gidan ga."

Wannan gaskiya ne. Kullum ana aika shinkafa da manyan tsokoki ga tsohuwar da ba ta da haƙorin tauna, kullum kwanon ya dawo kamar yadda ya tafi, a juye wa kaji. Kajin gidan Alhaji sun fi na kowa ƙiba a unguwar.

Washegari na tare Alhaji da kansa. Na durƙusa a gefen zaure ina jira masu sikeli da masu roƙo su ragu, har ƙafata ta yi tsami.

"Alhaji, ƙahwar Inna ta lalace. A kai ta likita yau, kada a kwana."

"Ita ta aiko ki?"

"A'a."

"Da bakinta ta ce miki a kai ta?"

"Ka san ba ta cewa."

Ya yi ƴar dariya irin ta manya. "Indo, uwata ce, na hi ki saninta. Mutanen da ba su son likita. In ka tilasta musu, ka saɓa musu. Ni kuwa tunda nike ban taɓa saɓa wa Inna ba. Ko murya ban taɓa ɗaga mata ba."

Na so in ce masa ai sai ana magana da mutum ake ɗaga masa murya, amma na haɗiye. Na ce, "To ka ɗaga asabarin, ka gani da idonka."

Nan ya sha mur. "In shiga ɗakinta? Kina so kunya ta kashe ta? Ki bari dai. Mota ta tahi Jibiya, in ta dawo a gani."

Mota ta dawo daga Jibiya, ta wuce Ɗan Isa. Ta dawo daga Ɗan Isa, aka ce tana kwasar masu fentin masallaci. Ban ce bai yi komai ba. Ya aiko mata turmin atamfa, da huhun goro, da kwalbar turare daga Kano. Atamfar aka aza kan gadon ƙarfe. Turaren kuwa ya yi amfani, don da warin ya fara isa tsakar gida, shi Zuliha take sawa a yayyafa wa asabarin kafin Alhaji ya zo gaisuwa.

Na bar wasu gidajen kitso na koma zuwa kullum. In dafa ruwa da bagaruwa in wanke mata, in dama mata kunu ta kurɓa, in kwashe abin da ta ɓata, don ta daina iya zuwa bayi. Amma ni ba likita ba ce. Kumburin ya haye idon sahu, ya kama ƙauri, zazzaɓi ya shigo. Na ce mata bari in nemo amalanke in kai ta da kaina, ta riƙe mini hannu.

"In na hita gidan ga ba da saninshi ba, mi za a ce cikin gari? A ce ya kasa riƙe uwarshi. Ban tona mishi asiri, Indo."

Ku ji fa. Ƙafarta na ruɓewa, ita sunansa take tsaro.

Sai na tuna da Malam Maliki, wanda aka riga aka zaɓa ya zama limamin sabon masallaci, yake kuma karatu da la'asar a rumfar ƙofar gida. Na ce wannan kam Alhaji ba zai tsallake maganarsa ba. Na same shi na kwashe duka na faɗa masa. Ya shafa gemu ya jinjina kai.

"Wagga magana babba ce, Indo. Amma babban mutum ba a tare shi gaba da gaba. Ki bar mini, zan sa ta cikin karatu, shi gane da kanshi."

Ranar Juma'a na laɓe bayan zana ina saurare. Allah ya sani, Malam ya yi karatu mai kyau. Ya ce bayan haƙƙin Allah babu haƙƙin da ya kai na iyaye, a cikin iyaye ma uwa ce gaba. Ya ce hidimarta in ta tsufa ba alfarma ba ce, wajibi ne, kuma duk wanda iyayensa suka tsufa a hannunsa bai samu rahama ta dalilinsu ba, ya yi asarar da ba ta da magani. Na leƙa, sai ga Alhaji yana share hawaye da hannun riga.

"Allah shi ba mu ikon ci gaba da yi," ya ce.

"Amin," in ji jama'a. "Kai kam Alhaji ka gama naka."

A nan take ya sa aka ɗauko wa Malam sabuwar riga ƴar Kano. Malam ya sa riga, maganar ta mutu. Da na sake tare shi, cewa ya yi shi dai ya isar da saƙo, shiriya ta Allah ce.

Saura mutum ɗaya. Inna Tsahara tana da ƴa mace, Safiyatu, ƙanwar Alhaji, tana aure a Jiratawa. Na yi sammako na tafi. Na same ta tana sussuka, ina faɗa mata ta yar da taɓarya ta fashe da kuka.

"Tun hwarko na ce a bar mini ita nan, in riƙa ganinta. Yaya ya ce ba a kai uwarshi gidan laka."

"To tashi mu tahi, ki ɗauko ta."

Ta dubi mijinta Jibo, wanda ke zaune gindin rumbu yana jin mu. Jibo ya yi ta sosa ƙeya kafin ya yi magana.

"Indo, sikelin da muke ci da shi na Alhaji ne. In muka ɗauko ta, mun ce ya gaza ke nan, kuma kin san halinshi. A bari a buɗe masallacin ga, hankalinshi shi kwanta. Ai Safiyatu za ta zo bikin, sai a yi maganar cikin ruwan sanyi."

Na dawo Maraɗi da rana tsaka ina tafe ina magana ni kaɗai kamar mahaukaciya. Kowa na da hujja, kuma kowace hujja in ka saurare ta ita kaɗai sai ka ce gaskiya ce. Zuliha na jin kunya, Malam na bin hikima, Jibo na tsoron sikeli, Alhaji ba ya son saɓa wa uwa. Ƙafar ce kawai ba ta jiran kowa. Kafin ranar bikin, baƙin raunin ya kai gwiwa.

Ranar buɗe masallaci Sabon Gari ta cika ta batse. Attajirai daga Katsina da Damagaram, kumanda mai mulkin gari da mutanensa, malamai, maroƙa. An yanka shanu, an jera manyan tukwane a tsakar gida, mata ko'ina. Zuliha ta sa aka ajiye kaskon turaren wuta a ƙofar ɗakin baya. Ni da Safiyatu muna ciki. Safiyatu tun da ta ga ƙafar ba ta daina kuka ba. Inna Tsahara na kwance tana rawar sanyi cikin wannan zafi, leɓunanta sun bushe sun tsattsage. Bayan azahar, muna jin hayaniyar maza suna cin abinci a zaure, sai ta buɗe ido.

"Indo, ciwon ga ya kai mini ciki. Kun hwaɗa mishi?"

"Mun hwaɗa, Inna."

"Bai ji ba?"

Na kau da kai. Ta ɗaga ido ta dubi rufin kwano.

"To ni zan hwaɗa."

Muka kama ta za mu tallafa, ta ture hannunmu. Da gwiwa ɗaya da hannaye biyu ta fita, tana jan ƙafar a bayanta cikin zane. Ta ratsa tsakanin tukwane, mata suna darewa suna toshe hanci, masu tuƙa tuwo suka saki muciya. Ban taɓa sanin tsakar gidan nan tana da faɗi haka ba sai ranar. Ta isa bakin zaure ta ciki, ta kama dokin ƙofa, ta ɗaga kai.

"Idirisa."

Gidan ya yi ɗif. Tun da ya dawo daga Makka babu mai kiransa da wannan suna gatsal, daga wannan bakin kuwa bai taɓa jin sa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Safiyatu ta dafe baki. Tsofaffin da ke gindin tukwane suka hau salati.

"Idirisa, ka dube ni. Ƙahwata."

Ya taso daga cikin baƙi, hannunsa da maiƙo, ya tsaya a kanta. Ta ɗaga ido ta dube shi tsakiyar ido, shi ma ya dube ta. Na ga fuskarsa ta motsa, na ce a raina Allah ya kawo mu ƙarshen wahala. Da ya sunkuya ya ɗaga bakin zanen nan da yatsa ɗaya, da an gama. Sai wani attajirin Katsina ya leƙo daga bayansa ya ce, "Alhaji, lahiya dai?"

Alhaji ya juya ga baƙinsa.

"Tsuhwa ne, Allah shi sa mu cika da imani. Mahaihiyata ce, kai ya hwara taɓuwa. Ba ku ji ba, hal sunana take kira?"

Zauren ya ɗauka da "Allah sarki". Kuma abin takaicin, kowa ya yarda. Wace mace ce cikin hankalinta za ta kira sunan ɗan farinta a gaban maza? Har matan da suka toshe hanci yanzun nan suka shiga gyaɗa kai suna cewa daman sun ga alama. Malam Maliki ya ce zai yi mata rubutu a wanke ta sha.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Hankalinta ya hi na kowa cikin gidan ga! Ku dubi ƙahwar! Ƙahwar za ku duba!"

Mata suka rufe ni suka janye ni, wata ta toshe mini baki da tafin hannu. "Indo, kin haukace ke ma? Gaban maza?" Alhaji ya sa aka ɗauki uwarsa a hankali, yana ta cewa a yi sannu, a yi sannu. Ya umarci Zuliha kada a sake bari ta fito, kada ta ji wa kanta ciwo. Ya koma ya zauna, baƙi suna yaba haƙurinsa.

Da ta yi shiru an ce lafiyarta lau. Da ta yi magana an ce ta zautu. Ku gaya mini ta wace ƙofa tsohuwar nan za ta bi a ji ta.

A ɗaki ba ta yi kuka ba. Ta kwanta tana haki, ƙura ta ɓata mata gwiwa da tafin hannu.

"Na kira shi," ta ce. "Kun ji na kira shi."

"Mun ji, Inna."

"To ku hid da ni."

Da la'asar Alhaji ya shiga Fijo ya tafi rakiyar baƙin Katsina zuwa Ɗan Isa. Safiyatu ba ta sake waiwayar Jibo ba, ta fita ta samo amalanken jaki, muka tsayar da shi a ƙofar baya inda ake lodin gyaɗa. Muka kinkimo Inna, ba ta fi nauyin damin kara ba. Zuliha na tsaye tana kallo tana murza hannu.

"Ni dai ban gani ba," ta ce. "In ya tambaya, ban gani ba."

A gidan likita, mutumin da ya kwance tsumman ya ja da baya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaya ko tsohuwar ba ta da kowa ne. Safiyatu ta sunkuyar da kai. Ya ce mun makara ƙwarai, amma ya yi mata allura, ya wanke abin da zai wanku, ya ba ta gado. Ta ɗan samu sauƙi har ta kurɓi ruwa. Magana ɗaya ta ƙara yi, ta tambayi Safiyatu, "Wancan ya dawo?" Safiyatu ta ce ya dawo. Ta cika ana kiran sallar asuba.

Na bar Safiyatu wurin gawa, na kama hanyar Sabon Gari in kai labari. Na iso daidai an sallame salla a sabon masallaci, ƙamshin fenti har waje. Na shiga gida. Zuliha na bakin ƙofarta ta yi tsuru-tsuru, kallo ɗaya na yi mata na san ba ta faɗa masa komai ba. Kafin in buɗe baki sai ga Alhaji ya ratso tsakar gida cikin farar riga, tasbaha a hannu. Bai ko lura da ni ba. Ya wuce bayan gida, na bi shi. Ya tuɓe takalma, ya tsuguna a gaban asabari.

"Inna, an tashi lahiya?"

Babu abin da ya motsa sai wata kaza da ke tono a bakin sito.

"Madalla," ya ce.

Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya fara laluben takalmi da ƙafa.

Na wuce shi, na kama asabarin nan da hannu biyu na fizge, igiyar ta tsinke, ya faɗi ƙasa tsakaninmu.

"Alhaji, wa ya amsa maka?"

Ya dube ni, ya dubi ƙofar.

"Shiga," na ce. "Yau ba mai jin kunyarka."

Ya sunkuya ya shiga, karon farko tun da aka gina ɗakin. Warin ya tare shi har ya dafa bango. Ga gadon ƙarfe da ba a taɓa hawa ba, ga atamfarsa a ninke yadda ya aiko ta, ga goro ya bushe cikin huhu. A ƙasa ga tabarma da tabon da ƙafar ta bari, ga tsummoki a ƙurya. Kusa da matashi ƴar ƙwaryarta ce, cike da gyaɗar da ta tsince masa.

"Ina take?"

"Tana gidan likita, tana jiran likkahwani."

Ya zube kan tabarmar. Ya yi kuka, kuma kukan gaske ne, ba zan hana shi wannan ba. Ya daɗe kafin ya ɗago, gemu jiƙe da hawaye, ya tambaye ni abin da har in mutu ba zan manta ba.

"Mi ya sa ba ta hwaɗa mini ba?"

"Ta hwaɗa," na ce. "Jiya, gaban kowa, da sunanka."

An yi jana'izar da Sabon Gari ta daɗe ba ta ga irinta ba. Fijon da ba ta samu sukunin kai ta likita ba, ita ta yi ta jigilar masu ta'aziyya. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, shinkafa har almubazzaranci. Malam Maliki ya yi addu'a mai tsawo, ya ce Allah ya ba kowa ɗa mai biyayya. Jibo ya riƙe sikelinsa. Ni tun ranar ban sake taɓa kan kowa a gidan ba, ko da Zuliha ta yi ta aike.

Ban ce a daina sadaka ga mamaci ba, ban ce a daina gina masallaci ba. Amma uwa tana da rai ake biyan ta haƙƙinta, kuma haƙƙin nan ba a bakin ƙofa yake ba, yana ciki, inda wari yake. Allahn da ya ce a kyautata wa iyaye bai ce sai sun roƙa ba. Da yawa cikin iyayenmu ba za su taɓa roƙa ba, haka aka gina su, wanda kuwa ya fake da shirunsu ya san abin da yake yi ko da bai faɗa wa kansa ba.

Har yau in na biyo ta ƙofar gidan ina jin Alhaji a zaure yana ba samari shawara su riƙe iyayensu, yana cewa shi bai taɓa fashin gaida mahaifiyarsa ba ko da rana ɗaya. Kuma ba ƙarya yake yi ba, ni shaida ce. Har ranar da ba ta cikin ɗakin sai da ya gaishe ta.